Kwalba Mai Baƙin Zare

An yi wani mutum a Malbaza, ba zan kama sunansa ba don danginsa suna nan da rai. Sana'arsa sayar da soyayyen barkono a kwalba, irin wanda ake haɗawa da albasa da tsamiya da man gyaɗa, a shafa a burodi ko a zuba kan shinkafa da wake. Teburinsa yana bakin hanya, inda direbobin motocin siminti ke tsayawa.

Wajen mahaifiyarsa ya koya, wata tsohuwa a wani ƙauye ta wajen Alela. Ta ce masa a soya sai ruwan albasa ya tsane, kada a yi rowar gishiri da tsamiya, a tafasa kwalba a bari ta bushe, jiƙaƙƙen cokali kuma kada ya shiga ciki. Lokacin zafi abin ba ya wuce kwana uku a waje, a firigo ya yi mako biyu. Ta ja masa kunne cewa kwalbar da murfinta ya kumbura, a haƙa rami a binne ta, ko kaza kada a ba.

Da farko ya kiyaye. Amma wata rana kaya kan yi kwantai, binnewa kuwa tana yi masa ciwo. Sai ya fito da dabara. Ya buɗe kumburarriyar kwalba iska ta fita, ya kwashe fumfunar da ke sama, ya zuba sabon mai, ta yi ƙyalli kamar ta yau. Don kada ya ruɗe, sai ya riƙa ɗaura wa irin waɗannan baƙin zare a wuya. Ba ya sayar wa ɗan gari. Baƙon direba yake jira, wanda zai ci a can hanyar Tawa, in cikinsa ya ɓaci ya ɗora wa ruwan wani gari laifi.

Matarsa Delu ta tambaye shi ma'anar zaren. Ya ce na musamman ne, na manyan mutane, kada ta kuskura ta taɓa. Ya 'yan uwa, ku riƙe ƙaryar nan, ita ce za ta dawo masa.

Wata safiya ya tafi Konni sayen kwalabe. Bayansa Na'Allah, mai kabu-kabu daga ƙauyensu, ya zo da saƙon cewa tsohuwa ta tashi daga zazzaɓi, bakinta ba daɗi, barkonon ɗanta take marmari. Da la'asar mai barkonon ya dawo, ya ga gurbin kwalba ɗaya a kanta. Ya tambayi Delu ina take.

Delu ta ce, cikin fara'a, "Mai baƙin zaren nan na aika ma Inna, Malam. Ba kai kac ce na manyan mutane na ba? To wa yaf fi ta girma wurinmu?"

Nan take ya kira wayar maƙwabciyar tsohuwa. Aka ce ta ci da dambu har ta ƙara, tana ta sa masa albarka. A nan Allah ya ba shi dama ta ƙarshe, ya ce a garzaya da ita asibiti. Amma da wane baki? Kunya ta hana shi. Ya ce a ransa direba nawa suka ci, babu wanda ya dawo da ƙara. Ya kashe waya.

Kashegari tsohuwa ta ce tana ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Da yamma fatar idonta ta faɗi, ruwa ya ƙi wuce mata maƙogwaro. Aka kai ta asibiti, shi da Delu suka iske ta can. Sai da likita ya matsa da tambayar abin da ta ci, sannan ya fashe da kuka ya faɗi komai, gaban Delu, gaban tsohuwa. Likita ya ce da tun jiya ne da akwai abin yi.

Abin ban tsoro shi ne hankalinta bai gushe ba, duk ta ji. Ya durƙusa, ya sa yatsa ya ɗaga mata fatar ido don ta gan shi, yana cewa, "Inna, ki gahwarta mani." Leɓenta ya motsa, sauti bai fito ba. Da hantsi numfashinta ya tsaya. Har yau bai san abin da ta so faɗi ba.

Delu ta koma gidansu, ta ce ba za ta zauna da wanda ya sa hannunta a ran surukarta ba. Shi kuwa yana nan bakin hanyar, babu tebur. Duk motar da ta tsaya sai ya tambayi direba ko ya taɓa sayen kwalba mai zare, ko ya san wanda ya saya. Bai san su nawa ba ne.

Ya 'yan uwa, baƙon da kake cuta don ba zai dawo ba, shi ba shi da uwa ne? Abin da za ka yi wa alama don kada iyalinka su ci, kada ka miƙa wa kowa. Wanda kuma ya riga ya yi kuskure, ya buɗe baki tun maganarsa tana iya ceton rai.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, kada ya raba mu da iyayenmu sai sun yafe mana. Amin.