Ranar da Manaja Ya Zare Sensar Tanki

Akwai mutanen da in aka nuna musu matsala, ba matsalar suke gyarawa ba, bakin mai nunawa suke toshewa. Kun san kanku, ba sai na kira suna ba.

Akwai wani manaja a kamfanin sabulu, ma'aikata na ce masa Sauri-Sauri a bayan idonsa. A ɗakin dahuwa akwai ƙaton tanki mai murfi da ake zafafa mai a ciki. A gefen tankin an soka wani siririn ƙarfe, tsininsa na cikin man. Ita ce sensa, mai auna zafi.

Ni ban yi makarantar injiniya ba, amma wannan ko kakata za ta gane. Wayoyi biyu ne a cikinta, kowace da irin ƙarfenta, an haɗe bakinsu a tsini. In tsinin ya yi zafi sai su ba da 'yar wutar lantarki, allo ya mayar da ita lamba. Lamba ta wuce iyaka, hitar da ke zafafa man ta mutu, ƙararrawa ta ɗauka, aiki ya tsaya. Sensa ba ta san tanki ba. Abin da tsininta ya taɓa kawai take faɗa.

Wata safiya motoci biyu na bakin get suna jiran kaya, ƙararrawa ta ɗauka sau uku. Tsohon mai gyaran wutarsu, Baba Tasta, ya duba ya ce injin juya mai ne ke cijewa, man ƙasan tanki na ƙonewa, a ba shi awa ɗaya ya ɗauko bel ɗin injin a sito.

Yana ba da baya, Manaja ya naɗe hannu da tsumma, ya kwance sensa, ya jawo ta waje rabi. Tsininta ya bar mai ya koma shan iska. Lamba ta faɗo daga ɗari da tamanin zuwa ɗari da goma. Allo ya ga sanyi, ya kunna hita gaba ɗaya. Manaja ya karkaɗe hannu ya ce ga gyaran awa ɗaya an yi shi a minti ɗaya.

Mutum tara ne a ɗakin. Mafi kusa da tankin ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, mai duba kaurin sabulu.

Da Baba Tasta ya dawo, hancinsa ya riga idonsa. Ya kalli allo, ya kalli fentin tanki yana kumbura.

"Ranka ya daɗe, wa ya taɓa sensa?"

Manaja ya ce tsufa ne ke damunsa, allo na cewa lafiya shi yana shinshine-shinshine kamar mage. Ya ƙara da cewa in ya kuskura ya taɓa babban makunni, ya ajiye rigar aiki ya kama gabansa.

Baba ya cire rigar, ya ninke, ya ɗora a kan benci. Sannan ya ja makunnin, ya kashe wuta gaba ɗaya. Ɗaki ya yi tsit.

Ya tura sensa ta koma mazauninta, ya maƙala 'yar mitarsa ta hannu a wayoyin. Ɗari biyu. Ɗari biyu da hamsin. Ɗari biyu da casa'in, kuma tana hawa. Farin hayaƙi ya fara tsatsowa ta gefen murfi.

Manaja ya ce mitar ce ta lalace, bari ya buɗe kowa ya gani da idonsa. Ya kai hannu kan mariƙin murfi. Baba ya damƙe wuyan hannunsa.

"Ɗana, man nan iska kawai yake jira. Ka ɗaga murfin nan, wuta ta tashi, ƙanwarka za ta fara ci."

Manaja ya waiwaya. Tana tsaye taku uku daga tankin, ludayin gwaji a hannunta. Ya saki mariƙin.

Baba ya ce kowa ya fita a hankali, kada a yi gudu, kada a kawo ruwa kusa. Shi ya tsaya daga bakin ƙofa da tukunyar kashe gobara, yana kallon mita. Ta kai ɗari uku da biyar ta tsaya cak. Sai da aka yi minti ashirin kafin ta sauka da lamba ɗaya.

Mai kamfani ya iso ya tambayi wanda ya zare sensa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ƙanwar ce ta yi magana.

"Yaya, na gan ka. Ka faɗa da bakinka ko in faɗa."

Ya faɗa. Kafin la'asar ya miƙa makullan ofis. Babu wanda ya ƙone, ko ɗan yatsa.

Darasi: Kashe ƙararrawa ba ya sanyaya tanki. Wanda ya rufe bakin mai faɗa masa gaskiya, kansa ya makantar, kuma na kusa da shi ne ke fara shan wuta. Ku tura wa duk shugaban da kuka sani. In kuwa akwai wanda bai taɓa zare wata sensa a gidansa ko wurin aikinsa don ya huta da ƙara ba, ya fito nan ƙasa ya ƙaryata ni.