Hannun da ya riƙe labule

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da mai hoto sai shekara-shekara yake zuwa, ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Sunan wannan bawan Allah Malam Jatau, manomi ne. Burinsa ɗaya a duniya: ya bar wa jikokinsa fuskarsa. Shi bai san kamannin kakansa ba, abin kuwa yana ci masa rai. Ya ɗinka babbar riga, matarsa Tabawa ta kai wa mabugi, ta ninke ta a adaka, suna jiran ranar.

Ranar ta zo. Ku saurara, jama'a. Malam Jatau ya isa kasuwa rigar nan tana sheƙi, mai hoto ya ce, "Ka yi sa'a, Malam, fim na mutum ɗaya ya rage." Har ya zauna a kujera sai ya hango maƙwabcinsa Cindo a rakuɓe, cikin wata taguwa duk faci.

"Cindo, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Yaron nan nawa da ke Kurmi ne, can kudu, an je an ce masa ciwo ya gama da ni. Na so in aika masa hoto ta hannun 'yan goro, hankalinsa ya kwanta. To, in ya gan ni a haka ma, ai sai hankalin nasa ya fi tashi."

Malam Jatau ya sake duban taguwar Cindo. Ya dubi akwatin, ya dubi rigarsa. Sai ya miƙe ya tuɓe ta, ya zura wa Cindo, ya zaunar da shi, ya gyara masa hula. Iska ta taso tana kaɗa labulen da aka kafa a baya, mai hoto ya ce wani ya riƙe. Wa ya riƙe? Malam Jatau.

Da aka wanke hoton, kati biyu aka fitar, Cindo ya kawo masa ɗaya. Tabawa ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Malam, shekara guda ina korar asu daga rigar nan, ashe Cindo nake wa bauta? Kai ina kake?"

Ya nuna gefe yana dariya. "Ga ni nan." Hannu ne kawai, da rabin kafaɗa.

Mai hoton bai sake zuwa ba har Allah Ya yi wa Malam Jatau rasuwa.

Shekaru suka tafi. Wata Sallah zuriyarsa ta taru a tsohon gidan, na Kano, na Jos, na ƙasar waje, an baza tabarmi, ana ta zumunci. Wani jika ya tono hoton a adakar marigayiya Tabawa, ya kai aka faɗaɗa shi, aka sa a firam. Aka yi ta miƙa wa juna. Wannan ta ce, "Kun ga hancina!" Wancan ya ce, "Wallahi goshin nan namu ne."

Aka miƙa wa Goggo Larai, 'yar autar Malam, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Ta kai shi kusa da ido, ta yi dariya har da hawaye.

"Ku da hancinku! Wannan ai Baba Cindo ne. Rigar ce tamu." Ta ɗora yatsa a gefen hoton. "Ga Baba nan."

Ta ba su labarin tun daga farko. Jikan da ya sa firam ya ce, "Goggo, ke nan ba za mu taɓa ganin fuskarsa ba?"

Ta ce, "Ba za ku gani ba. Amma yau kun san ko waye shi."

To, 'yan'uwa, ga darasin. Abin da mutum ya fi so, in ya bayar saboda Allah, bai ɓata ba. Shi ne ake tuna shi da shi. Mu yau wayoyinmu cike suke da fuskokinmu, amma wane hali jikokinmu za su ba da labari? Kuma duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, ya je ya zauna gabansu ya yi tambaya tun suna iya amsawa. Allah Ya jiƙan kakanninmu, Ya sa mu gaji kyawawan halayensu.