Minti Biyar na Sha-yanzu

A ofishinsu ana kiransa Sha-yanzu, domin ba ya iya jiran komai. Gwani ne wajen rubuta manhaja, amma da zarar aiki ya kusa ƙarewa sai ya ƙosa, ya tsallake gwaji.

Mako uku ya yi yana haɗa wa wani asibiti manhajar jera marasa lafiya a layi. Ranar miƙa aikin idanunsa sun yi ja, bayansa ya ƙage, shayinsa ya huce a kan tebur.

Shugabar sashensu ta tsaya a kansa. Ita ma a gajiye take.

"Ka gwada shi da ɗan laburaren nan, wato ƙaramar manhajar da ke duba raunanan mahaɗan bayanai?"

"Ranki ya daɗe, ni da na rubuta abu da hannuna?"

"Mahaɗi mai rauni riƙon sakainar kashi yake yi wa bayani. Ma'ajiyar kwamfuta na cika, kwamfutar za ta share abin da ya riƙe. Gwajin minti biyar ne fa."

"To, zan duba," ya ce. Tana juya baya ya tura aikin, ya ɗauki jakarsa.

Kwana biyu lafiya lau. A rana ta uku asibitin ya cika maƙil, ma'ajiyar ta cika, sunaye suka fara ɓacewa daga layi. Wani dattijo mai ciwon sukari ya zauna tun safe har la'asar ba a kira shi ba. Daga ƙarshe ya sulale daga benci, aka kwashe shi ranga-ranga.

Aka kira Sha-yanzu. Yana shiga, 'yar dattijon ta tare shi a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, sau shida ina zuwa tagar nan, ana ce mini babu sunan Baba. Ina ka kai shi?"

Ya wuce ciki. Ya zauna a kujerar ma'aikaciyar jinya, ya kunna laburaren a kwamfutarta. Nan take ya nuna masa wurin da ja: jerin sunayen ne yake rataye da mahaɗi mai rauni.

Dattijon ya farfaɗo bayan kwana huɗu. Asibitin ya koma takarda da biro, aka karɓe aikin daga hannun Sha-yanzu.

Darasi: gajiya ba hujjar tsallake bincike ba ce, ƙwarewa kuma ba ta hana kuskure. Duk aikin da rayuwar wasu ta rataya a kansa, ka gwada shi kafin ka sake shi. Rigakafi ya fi magani.