Manaja da Na'urar da Ta Raba Shi da Kujerarsa

Akwai wani mutum da aka yi wa zaluncin da ban taɓa jin irinsa ba tun da na yi wayo. Ana kiransa Manaja. Dattijo ne mai tsafta da iya magana, takalminsa kullum yana ƙyalli. Irin mutanen nan ne shi da ya kamata a riƙa tashi in sun shigo. Amma na'ura, abin da ko inuwa ba ta da ita, ta tozarta shi a gaban jama'a.

Yayarsa ce ke da wani ɗakin taro da ake haya. Shekaru yana jera kujeru kafin ta ba shi ofis mai fanka.

Da saƙonnin masu haya suka yi yawa, sai Yaya ta sa aka haɗa musu mataimakin AI, na'urar da za ta riƙa amsa saƙonnin. Aka ba shi kayan aiki uku: na duba ranar da babu kowa, na sauya lokaci, da na soke haya. Mataimakin ba ya ganin cikinsu. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne kawai yake karantawa, ya zaɓi wanda zai ɗauka.

Manaja ya ce shi zai rubuta, tunda duk gidansu babu mai alƙalaminsa.

A kan na sauya lokaci ya rubuta: “Gwarzon aiki, mai share hawayen kwastoma.” A kan na sokewa kuwa: “Duk mai son canji a hayarsa, ga maganinsa nan take.” Ku faɗa mini tsakani da Allah, wannan ba rubutu ba ne?

Yaya ta karanta ta yamutsa fuska.

“Ƙanena, wannan kirari ne ko bayani? Ina aka ce na sokewar nan yana sakin ɗaki ga wani, kuma ba a dawo da shi? Kawo mini baƙon da bai san aikinmu ba, in karanta masa, in ga ko zai zaɓi daidai. In abin nan ya kunyata ni, kujeru na jiranka.”

Baƙon da Manaja ya kawo abokinsa ne, Dogo, wanda ya sha shayi da ƙwai a kan hanya, kuma ba da kuɗinsa ba. Sun shirya: in Manaja ya taɓa hula, na farko, in ya shafa gemu, na biyu, in ya yi tari, na uku. Dogo ya amsa komai daidai. Yaya ta amince, aka kunna na'ura.

Ana nan sai shugabar wata makaranta ta aiko saƙo, tana so a mai da bikin yaye ɗalibanta daga safe zuwa yamma. Mataimakin ya nemi inda aka ambaci canji, ya same shi a kan na sokewa. Ya soke, ya amsa mata cewa an yi canjin. Kafin la'asar ƙungiyar direbobi ta kama ɗakin.

Ranar taro, ga yara da iyayensu a bakin ƙofa, ga direbobi a ciki sun riga sun buɗe taro da addu'a. Shugabar makarantar ba ta ɗaga murya ba. Ta dai kalli Manaja daga hula har takalmi, ta ce wa yaran, “Ku gaishe da Baba, shi ya sa za ku karɓi takardunku a rana.”

Manaja ya shiga ofis yana huci.

“Yaya, a kashe wannan munafukin abu. Ba shi da tarbiyya. Zan kai shi kotu.”

“Zauna, Manaja. A'a, ba nan ba. Juya ka kalli bango.”

Ta sa aka kira Dogo, ta sake karanta masa bayanan.

“Mace na son a mai da taronta yamma. Wanne za ka ɗauka?”

Dogo ya leƙa bayan Manaja, ya ga ƙeya kawai.

“Hajiya, a ɗan juyo mini da shi. Ni gemunsa nake karantawa.”

Manaja ya yi tari saboda maƙogwaronsa ya bushe.

“Na uku,” in ji Dogo da sauri.

Daga bangon Manaja ya yi magana a hankali. “Yaya, na'urar nan abin da na rubuta ta yi. Ni ne.”

Yanzu haka yana can yana jera kujeru. Ya ce in gaya muku duk garin babu mai jera su a miƙe kamarsa.

Darasi: Bayanin kayan aiki ba wurin kirari ba ne. Faɗi abin da yake yi, yaushe ake ɗaukarsa, yaushe ake barinsa, da ɓarnar da zai iya yi. Sannan ka gwada shi a kan baƙo na gaskiya, domin na'ura ba ta ganin hularka balle gemunka. Wanda ya saye mai gwaji kansa ya cuta. Ku tura wa duk wani Manaja da kuka sani, amma kada ku ce daga wurina kuka ji.