Rawanin Waziri da Jinin Garin Maƙera

A zamanin da, a wata ƙasa da babban kogi ya yi wa iyaka ta gabas, an yi wani sarki mai suna Bagudu. Wata shekara wazirinsa ya rasu, mutum biyu suka fito neman rawanin. Na farko Jatau, bafade mai zaƙin baki, wanda ba ya magana sai ya dubi fuskar sarki. Na biyu Malam Tunau, alƙalin gari, mai kaifin harshe da saurin yanke hukunci.

Ana cikin haka fatake suka zo da labari cewa Sarkin Ƙetare, wanda ƙasarsa ke hayin kogi, ya tara maƙera a gari guda, ba abin da suke ƙerawa sai masu da kibau. Sarki ya tara fadawa, ya ce, "Mu far musu tun ba su far mana ba, ko kuwa mu jira? Wanda shawararsa ta fi tsakanin ku biyu, shi ne waziri."

Malam Tunau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu haye mu rushe maƙerun nan. In muka jira, a ƙofar gidajenmu za a yi yaƙin."

Jatau ya ga sarki ya ɗaure fuska, ya kuma tuna mahaifiyar sarki 'yar Ƙetare ce. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ba su taɓa ko akuyarmu ba, da wace hujja za mu zubar da jininsu?"

Sarki ya ce a dawo bayan kwana bakwai.

A rana ta uku kogi ya kawo gawar masunta uku, kowanne da kibiya a baya. Gari ya rikice. Mutane suka ɗauko gawarwakin har ƙofar fada suna ihu a ɗau fansa. Da Jatau ya ji inda muryar jama'a ta karkata, sai ya hau dakali ya rantse ba zai ƙara kwana lafiya ba sai an ƙone Ƙetare. Malam Tunau kuwa ya zare kibiya ɗaya ya duba, bai gane ƙirarta ba. Ya yi shigar ɗan koli, ya shiga kwalekwale ya haye.

Ranar bakwai fada ta cika. Jatau ya ce, "Zaki, yaƙi! Yau, ba gobe ba."

Malam Tunau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na yi kuskure a maganata ta farko. Na je na gani da idona. Mahara ne daga duwatsun gabas suka ƙone wa Ƙetare ƙauyuka huɗu, don su ake ƙera masu. Kibiyar da ta kashe masuntanmu ma ta maharan ce. In muka karya Ƙetare, ba wanda zai tare mana su."

Jatau ya yi dariya. "Ku ji mai neman waziri! Jiya yaƙi, yau tsoro. Me suka ba ka a hayi, Malam?"

"Kai ma ka sake magana, Jatau."

"Ni jinin 'yan'uwana ya sake min ita."

Fada ta ɗauki sowa, wani ya jefi Malam Tunau da takalmi. Sarki ya dubi taron da ya cika har waje, ya ce a buga tambarin yaƙi.

Ranar kasuwa da hantsi mayaƙan Bagudu suka faɗa wa garin maƙera. Ba a tarar da mayaƙi ko ɗaya ba, duk suna gabas suna tsare hanyar duwatsu. Aka sare maƙera a bakin wutarsu, wasu da guduma a hannu. Aka cinna wa rumfuna wuta da mutane a ciki. Waɗanda suka gudu kogi aka bi su da kibau har ruwan gaɓa ya yi ja. Wata tsohuwa ta rungume ƙafar wani barde tana cewa ita ƙanwar uwar Sarki Bagudu ce, bai saurara ba, ya soke ta. Aka ɗaure mata da yara ɗari biyu da igiya ɗaya aka hayo da su.

Da mayaƙan Ƙetare suka ji, suka bar hanyar duwatsu suka juyo gida. Mahara suka sami ƙofa a buɗe. Kafin wata ya cika sun haye kogi, sun ƙone ƙauyukan Bagudu tara, sun kafa kawunan dagatai a kan itatuwa a bakin hanya. Babban ɗan sarki ya fita don ya tare su, aka dawo da gangar jikinsa a kan tabarma.

Nan da nan Jatau ya shiga bin gidajen manya yana cewa, "Ku shaidu ne, tun farko na ce kada a yi. Malam ne ya fara kiran yaƙi." Maganar ta kai kunnen sarki. Sai ya sa aka yi shela cewa ranar Juma'a za a naɗa waziri.

Ranar ta zo, sarki ya fito da fara'a, ga rawani a kan faifai. Ya ce, "Ɗan aike ya zo daga Ƙetare, sarkinsu ya miƙa wuya. Ashe yaƙin nan riba ne. Wa ya ba mu shawararsa, ya zo ya karɓi rawani?"

Jatau ya yi wuf ya durƙusa. "Ni ne, Zaki! Malam ya hana, na tsaya kai da fata. Ni na zaɓi ranar kasuwa, don na san ba za a tarar da mai tsaro ba."

Sarki ya juya. "Kai fa, Malam?"

"Ranka ya daɗe, ni na fara furta kalmar yaƙi a fadar nan tun ban bincika ba. Na janye ta, amma ta riga ta shiga kunnuwa. Ban ga riba a ciki ba. Alhakinta nake ɗauke da shi."

Fara'ar sarki ta ɗauke. Ya ce, "Ɗan aike ya zo, gaskiya ne, amma ba miƙa wuya ya kawo ba. Sarkin Ƙetare ya ce zai haɗa mayaƙansa da namu a kan mahara in an mayar masa da mutanensa da aka kamo, aka kuma ba shi kan wanda ya zaɓi ranar kasuwa. Ku biyu duk kun sake magana. Malam ya sake tasa bayan ya je ya gani. Kai, Jatau, ka sake taka sau uku ba ka taka ko bakin kogi ba."

Jatau ya kama ihu cewa tun farko shi sulhu ya nema. Dogarai suka ja shi ƙofar fada, hauni ya zare takobi, sara ɗaya ya gama.

Sarki ya naɗa wa Malam Tunau rawani da hannunsa, sannan ya ce, "Tambarin ni na sa aka buga, ba Jatau ba. Nawa hukuncin shi ne ɗana da na binne makon jiya. Ka kai mutanen nan gida, Waziri, ka gaya wa Sarkin Ƙetare haka."

Waziri Tunau ya kwance igiyar da kansa, ya haye da su. Rundunonin biyu suka haɗu, suka kori mahara har cikin duwatsunsu, ƙasa ta zauna lafiya. Shekara ashirin ya yi yana waziri, ba a taɓa jin ya ba da shawara ranar da aka tambaye shi ba, sai ya je ya bincika tukuna.