Butar Inna Dubu

An yi wani sarki a Tudun Rimi, adali, mai tsananin biyayya ga mahaifiyarsa, Inna Dubu. Tun ranar da aka naɗa shi ya hana ta ɗaga ko tsinke, ya sa mata bayi huɗu, wannan ta ɗauki buta, waccan ta miƙo cokali. Ba a shekara uku ba sai ƙafafu suka ƙi, tsohuwa ta koma sallah a zaune, tana kuka a ɓoye.

Sarki ya kira Waziri Hambali, dattijo mai bin diddigi, ya ce, "Ya Waziri, Inna tana cin zuma da nama amma ta kasa tashi, ga tsararta Kandala mai daddawa har yau tana cin kasuwa da ƙafarta. Na ba ka kwana arba'in ka gano dalili."

Fadawa suka ce sammu ne. Waziri dai ya ɗauki sandarsa ya zaga garuruwa bakwai, ya zauna da tsofaffi ɗari, yana tambayar cimarsu da aikinsu da masu ziyartarsu, yana kuma lura da yadda kowa ke tashi daga tabarma. Kandala ma korarsa ta yi, wai ya tare mata rana tana shanya kalwa, ta tsallake ƙafafunsa ta wuce. Waziri ya yi dariya har da hawaye, don ya ga amsarsa.

Ya dawo ya faɗi gaban Sarki, yana sane da cewa gaskiyar da ya ɗauko mai ɗaci ce. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na sami masu ƙarfi cikin masu kaɗi da kiwo da zuwa gaisuwa, na sami naƙasassu cikin waɗanda aka fi ji da su. Ba maƙiyi ne ya zaunar da Inna ba, ladabinka ne. A mayar mata da butarta."

Sarki ya ji kunya ƙwarai, ya ce duniya za ta zage shi idan aka ga uwar sarki da buta a hannu. Waziri ya tambaye shi cikin ladabi, tsakanin bakin duniya da ruku'un mahaifiyarsa wanne ya fi masa. Sarki ya ce a yi yadda Waziri ya faɗa.

Aka mayar mata da buta da mazari, aka ɗaure mata akuya a tsakar gida, aka buɗe ƙofa ga ƙawayenta. Yau taku uku da dafa bango, gobe biyar, tana yi tana mita. Kafin kaka ta yi sallar Azahar a tsaye, Sarki na leƙe ta bayan asabari, yana murna kamar yaro.

Ya ba Waziri alkyabba da ingarman doki. Waziri ya karɓi alkyabba ya yi godiya, sannan ya roƙi alfarmar a bar shi ya koma gida da ƙafarsa.

Masu hikima suka ce, adalci ga tsoho shi ne a ɗauke masa abin da ya fi ƙarfinsa, a bar masa abin da zai iya.