Hoto Ɗaya Da Ya Rage Wa Zumuɗi

Akwai wata yarinya, jama'ar wannan shafi, da ko a gidansu an kusa manta sunanta na gaskiya. Kowa Zumuɗi yake ce mata, sunan kuwa ya bi ta. In ta zauna ƙafa na kaɗawa, abinci a tsaye take cinsa, in ka fara ba ta labari ta riga ka kai ƙarshensa.

Babanta tela ne, yana da ɗan ƙaramin shago a bayan layin masu kayan gini. Ya daɗe yana so ta zo ta zauna tare da shi ta koyi ɗinki, ita kuwa ta kafe sai makarantar koyon ɗaukar hoto. Da ƙyar ya yarda, amma ya gindaya mata sharaɗi.

"Zango ɗaya na ba ki," ya ce. "In kin haye, ki ci gaba. In ba ki haye ba, ga keke can yana jiran ki."

Keken ɗinki! Zumuɗi a kan kujera tun safe har yamma? Tunanin kawai yana sa ta jin kamar an ɗaure ta da igiya.

Malaminsu wani dattijo ne da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Dakata, domin da ka ɗaga kyamara zai ce, "Dakata!" Ayyukan da yake ba su ma sai shi. Yau ya ce a ɗauko masa inuwa ba tare da mai inuwar ba, gobe ya ce duk mako launi ɗaya kacal yake son gani. Zumuɗi kan dawo masa da hoto ɗari uku. Ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Kin ɗauki komai, amma ba ki ga komai ba."

Da aikin ƙarshe na zangon ya zo, ya bi kyamarorinsu ya liƙe gilashin baya da baƙin tef, yadda ba wanda zai ga abin da ya ɗauka.

"Mutum yana cikin aikinsa nake so," ya ce. "Kwana biyar na ba ku, dannawa goma sha biyu kacal. Wanda ya goge ya sake, lambar hoton za ta tona shi. Wanda na manna hotonsa a bangon nan, shi ne ya haye."

Kafin ya rufe baki Zumuɗi ta kai bakin ƙofa.

Wajen mai walda ta fara, tartsatsin wuta na tashi gwanin sha'awa. Ashe tun makon da suka ɗauki 'yan tsere ta bar kyamarar a saitin da ke ɗauka a jere muddin yatsa na kan madanni. Ta danne, sai ta ji tar-tar-tar-tar! Kafin ta ɗage yatsa shida sun tafi, mai waldar ma bai gama gyara tsayuwa ba.

"Innalillahi!" Ta dafe kai. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "'Yan mata, hoto kike yi ko harbi?"

Wani zai tsaya ya huce. Ban da Zumuɗi. Ta bazama cikin gari, daga mai wankin mota sai mai gyaran waya, daga nan sai mai faci. Wannan ya juya baya daidai lokacin da ta danna, wancan mota ta gifta ta gabansa. Kwana biyu ba su cika ba ta cinye goma sha ɗaya, kuma ba sai an ɓare tef ba, ta san babu na kirki ko ɗaya.

Ta koma wajen Malam Dakata ido ya raina fata.

"Malam, don girman Allah a ƙara min ko uku ne."

"Ko rabi."

"Malam, wallahi in na faɗi shagon ɗinki za a kai ni!"

"To ai saura ɗaya, ɗaya kuma nake buƙata. Nemi wuri ki zauna awa uku, kyamara a cinya, hannu a naɗe. Kada ki ɗauki komai sai kin ga abin da ya hana ki motsi."

Awa uku fa! Wa zai bar ta ta zauna masa awa uku tana kaɗa ƙafa? Ta duba duk garin, ba ta ga inda ba za a kore ta ba sai shagon da take gudu.

Baba ya ɗago ya gan ta da sassafe, ya ce, "A'a, har an faɗi?"

"Zama na zo yi, Baba."

"Ke? Zama? Allah mai iko."

Ta zauna a kan benci tana kallon agogo. Shagon duhu-duhu, ƙwan lantarki ɗaya a can sama, ƙyallaye zube a ƙasa. Ta tashi ta leƙa waje, ta dawo. Ta ƙirga maɓallai a cikin gwangwani. Ta sake duba agogo, minti ashirin kacal aka yi, ta ji kamar ta yi ihu.

Da ta rasa abin yi, sai ta fara kallon Baba. Ya yi guga, ya yi yanka, amma duk aikin da ke buƙatar allurar hannu sai ya ture shi gefe. Kuma jifa-jifa yana ɗaga kai yana kallon rufi, inda wata 'yar huda take a jikin kwano.

Wajen sha ɗaya rana ta iso hudar. Wani siririn haske ya sauko ya faɗa kan kusurwar teburinsa. Baba ya ajiye almakashi da sauri, ya jawo wani ɗan mitsitsin matashin ƙyalle da aka soke allurai goma a jikinsa, ya jero zare kala-kala. Ya ɗaga allura cikin hasken nan, ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa ta. Ya kai zaren, ya kuskure. Ya lasa, ya sake, ya kuskure. Sai a na huɗu ya shiga.

Haka ya bi alluran yana rige-rige da rana. Ya zura bakwai, hasken ya zame daga teburin. Ya sauke numfashi ya mayar da uku babu zare.

Ƙafar Zumuɗi ta daina kaɗawa. Ashe idon Baba ne ke tafiya, bai faɗa wa kowa ba. Ashe da ɗan hasken nan yake zura alluran yininsa gaba ɗaya. Ta tuna sau nawa ya ce, "Zo zura min zaren nan," tana cewa, "Baba sauri nake yi." Kunya da tausayi suka rufe ta, har ta manta da kyamara a cinyarta.

Washegari ita ce ranar ƙarshe, ƙarfe biyu za a miƙa aiki. Tun tara ta zo ta zauna, ta daidaita kyamara, ta duba saitin har sau uku. Sai ga hadari ya rufe sama. Sha ɗaya ta yi babu haske, sha ɗaya da kwata babu. Baba na kallon rufi, ita ma tana kallo. Zuciyarta na ce mata, tashi ki ruga wajen mai walda, ko banza ki samu na miƙawa kafin ƙarfe biyu. Ta danne gwiwarta da hannu ta ci gaba da zama.

Can gajimare ya ɗan tsage, hasken ya sauko. Baba ya ɗaga allura. Ta ɗaga kyamara, amma ba ta danna ba. Ya kuskure sau ɗaya, sau biyu. A na uku bakin zaren ya leƙo ta ɗaya gefen, fuskarsa ta saki. Ƙyas! Sau ɗaya tak.

Ta ajiye kyamarar ta jawo matashin alluran. "Kawo sauran, Baba."

Ya dube ta ya ce, "Kin gani ke nan."

"Na gani, Baba. Ka yafe min."

Da Malam Dakata ya ɓare tef, ya wuce goma sha ɗayan nan yana girgiza kai. Ya zo na ƙarshe ya tsaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya, "Awa nawa kika jira?"

"Kwana biyu, Malam."

Ya sa aka wanke hoton guda biyu, ya manna ɗaya a tsakiyar bango, ya miƙa mata ɗaya. Zumuɗi ta haye. Tun a hanya ta ƙudurta cewa kullum sai ta zura wa Baba alluransa kafin ta tafi aji, kuma ita da Mama za su kai shi wurin likitan ido ko yana so ko ba ya so.

Da safe ta shigo shagon a guje, takardar hoton a hannu. "Baba, na haye! Duba, kai ne!"

Ya karɓa, ya matso da ita, ya nesanta ta, ya sake matsowa. Sai ya ɗora ta a kusurwar teburin nan ya kalli rufi.

"Da saura, 'yata. Rana ba ta iso ba. In kina sauri je ki, zan gani anjima."

Saura awa biyu cur. Zumuɗi ta jawo benci kusa da shi ta zauna.

"Ba na sauri, Baba."

Darasi: Mai yawan sauri yakan wuce abin da ya fi buƙatar gani, sau da yawa kuma abin yana cikin gidansu. Ka zauna da iyayenka ka lura da su, domin ba duk abin da ke damun su suke faɗa ba. In ka san wani Zumuɗi a danginku ko a ajinku, tura masa wannan labari, ka ce ya zauna ya karanta har ƙarshe.